Na'urori Masu Taushin Jiki da Iska ke Motsawa: Yadda Ake Gina Su Hawa-Hawa

Gabatarwa

Wataƙila kun taɓa jin labarin mutum-mutumi a rediyo, ko kun ga hotonsa a wayar salula. Mutum-mutumi na'ura ce da ake ƙerawa domin ta yi wani aiki da kanta, kamar ɗaukar kaya, ko jera su, ko tafiya. Ba lalle ne ya yi kama da mutum ba. Da yawa daga cikinsu hannu ɗaya ne kawai na ƙarfe da aka kafe a masana'anta.

Akwai kuma wani iri da ba a yin sa da ƙarfe. Jikinsa na roba ne mai taushi, iska ce take motsa shi, kuma wata na'ura ce take gina sassansa hawa bisa hawa. Wannan shafi zai bayyana muku yadda ake yin sa, da amfaninsa, da abin da ba ya iyawa. Za ku ga cewa dabaru biyu da aka haɗa a cikinsa ba baƙi ba ne a Waca da sauran garuruwan ƙasar Magarya da Dungas. Ɗaya tana maƙera, ɗaya kuma tana hannun mai ɗinkin faifai.

Me ya sa ake son na'ura mai taushi?

Ku dubi awartakin maƙeri. Yana riƙe jan ƙarfe gam, ba ya saki. Amma in aka ce a ɗauki nunannen tumatir da shi, sai tumatirin ya fashe. Hannun mai lambu kuwa yana tsinkar tumatir ɗari ba tare da ya fasa ko ɗaya ba, domin yatsunsa suna bin siffar abin da suka kama.

Haka hannun mutum-mutumi na ƙarfe yake. Kafin ya ɗauki ƙwai, sai an sa masa na'urorin awo da kwamfuta da za su lissafa ƙarfin da zai matsa. Kuskure kaɗan sai ɓarna. Yatsan roba ba ya bukatar wannan lissafi duka. Da ya taɓa abu sai ya lanƙwashe ya rungume shi. In kuma ya bugi mutum, ba ya ji masa ciwo kamar ƙarfe.

Masu bincike sun ɗauki darasi ne daga halittun Allah. Hannun giwa ba shi da ƙashi, amma yana ɗaga gungume, yana kuma tsintar ƙwayar gyaɗa. Harshenku ba shi da ƙashi. Tana ma haka, ga ta kuwa tana ratsa ƙasa.

Darasi daga zugazugi

Zugazugin gargajiya jaka biyu ce ta fatar akuya da aka jeme ta yi laushi. Mai zuga yakan buɗe bakin jakar sa'ad da ya ɗaga ta, iska ta shiga. Sai ya rufe bakin da hannunsa ya danna, iskar ta bi ta bututu ta fita a bakin wuta. Yana ɗaga ɗaya yana danna ɗaya, don haka iska ba ta yankewa.

Abubuwa uku ne suke aiki a nan:

1. Jiki mai taushi da ke kumbura yana sacewa.
2. Hanyar da iska ke bi.
3. Ƙofar da ke buɗewa ta rufe a kan lokaci. Wannan ƙofa ita ce bawul, irin wanda ke jikin tayar keke. A zugazugi, hannun mai zuga shi ne bawul.

Waɗannan uku su ne ginshiƙin mutum-mutumi mai taushin jiki. Bambancin kawai shi ne an juya aikin. A zugazugi, motsin hannu ne yake kawo iska. A na'ura mai taushi, iskar da aka tura ce take kawo motsi.

Yadda iska ke lanƙwasa yatsa

Kuna iya gwada wannan a gida. Ku samu doguwar balan-balan irin ta yara. Ku hura ta kaɗan har ta miƙe, ku manna salatif a gefe ɗaya daga sama har ƙasa, sa'an nan ku ƙara hurawa. Gefen da ba salatif zai ƙara tsawo, gefen salatif kuwa ba zai iya ba. Sai balan-balan ta lanƙwashe wajen salatif.

Haka ake yin yatsan roba. Bayansa yana da ƙananan ɗakuna a jere, hanyar iska ɗaya ta haɗa su. Cikinsa kuwa shafaffe ne da ba ya miƙewa. In iska ta shiga, ɗakunan su kumbura su ture juna, yatsan ya naɗe. In an saki iskar, ya koma yadda yake. In an haɗa yatsu uku ko huɗu, an samu hannu ke nan.

Akwai wata dabara da ta girmi wannan. A shekarun 1950, wani masanin kimiyya na Amurka mai suna Joseph McKibben yana da ƴa wadda shan inna ya shanye wa hannuwa. Domin ta samu ta riƙe abu, aka haɗa tiyon roba da aka sa cikin saƙaƙƙen raga. In an ba tiyon iska, sai ya yi kauri ya gajarce, ya ja abin da aka ɗaura masa, kamar yadda tsokar damtse take yi. Har yau ana kiran wannan dabara tsokar McKibben. Takan gajarce da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonta.

Zuƙe iska ma yana aiki. A 2010, masu bincike na Jami'ar Cornell da ta Chicago sun cika balan-balan da garin kofi. Sukan danna ta a kan abu ta rufe shi, sa'an nan su zuƙe iskar ciki. Nan take garin ya cushe ya yi tauri, ya riƙe abin. Da an mayar da iska sai ya saki.

Hanyoyi uku na ƙira

Kafin mu zo kan na'urar da ke gina waɗannan sassa, ku tuna da hanyoyi uku da masu sana'a ke bi su fitar da siffar abu.

Ta farko ita ce sassaƙa. Masassaƙi yakan ɗauki gungume ya yi ta ragewa har turmi ya fito. Abin da ya sare ya zama sassaƙe.

Ta biyu ita ce zubi. Masu yin tukwanen alminiyum sukan shirya gurbi a cikin ƙasa, su narka ƙarfe su zuba, ya daskare da siffar gurbin.

Ta uku ita ce ɗori. Mai ɗinkin faifai takan fara daga tsakiya, ta yi ta zagayawa tana ɗora zagaye a kan zagaye. Maginan tukwane, irin na Mirya da suka yi suna a jihar Damagaram, sukan murza yumɓu kamar igiya su ɗora a kan abin da suka riga suka gina, har wuyan tulu ya tashi. Magini ma yakan jera tubali sahu-sahu, ya bari na ƙasa ya sha iska kafin ya ɗora na sama. A wannan hanya ba a rage kome, ƙarawa ake yi.

Yatsun roba na farko da zubi aka yi su. Akan zuba ruwan roba mai suna silikon a gurbi biyu, in sun daskare a manne su. Aikin yana cin lokaci, yana bukatar gwanin hannu, kuma wurin mannewar yakan buɗe. Shi ya sa aka juya ga ɗori. Ɗori yana iya barin rami da ƙananan hanyoyi a can cikin abu tun ana gina shi, inda wuƙar masassaƙi ba ta kaiwa.

Na'urar ɗab'i ta 3D

Na'urar da ke yin ɗori ana kiran ta na'urar ɗab'i ta 3D. Ɗab'in takarda yana da tsawo da faɗi kawai. Wannan kuwa yana da na uku, wato tsayi, don haka abin da ya fito ana iya ɗaukar sa a hannu. Ga yadda irin da aka fi samu take aiki:

1. A zana abin a kwamfuta, da awon kowane gefe.
2. Kwamfuta ta yanka zanen hawa-hawa, kamar yadda ake yanka albasa.
3. A sa wa na'urar zaren roba da aka naɗe a kwarkwaro. Kaurinsa bai kai milimita 2 ba.
4. Zaren ya shiga wani baki mai zafi, sama da digiri 200, ya narke. Ramin bakin bai kai rabin milimita ba.
5. Bakin ya yi ta yawo a kan faranti yana zuba siririn layi, kamar yadda mai zanen lalle ke matsa leda tana zane.
6. In hawa ɗaya ya ƙare, bakin ya ɗaga kaɗan ya fara na biyu a kansa.

Sau da yawa kaurin hawa ɗaya kashi ɗaya ne cikin biyar na milimita. Ke nan hawa 5 ne milimita ɗaya, hawa 50 santimita ɗaya. Abin da tsayinsa ya kai santimita 10 yana bukatar hawa 500. Wannan ne dalilin da ƙaramin abu yakan ɗauki awoyi da yawa.

Wani injiniya na Amurka, Chuck Hull, ya samu takardar mallakar fasahar ɗab'in 3D a 1986. Tasa da haske take daskarar da ruwan roba. Hanyar narka zare kuwa Scott Crump ne ya nemi takardar mallakarta a 1989. A 2005, Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Ingila ya fara wani shiri mai suna RepRap, wanda ya ba kowa zanen na'urar kyauta. Da takardar Crump ta ƙare a 2009, kamfanoni da yawa suka shiga yin ta, farashinta ya faɗi ƙwarai.

Don sassa masu taushi, akan yi amfani da zare mai suna TPU, wanda ke lanƙwasa kamar robar takalmi. Yana da wuyar sha'ani. Tura shi cikin bakin na'ura kamar tura jiƙaƙƙen zare ne a kafar allura, don haka sai a hankali.

Babbar matsala: yoyon iska

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da aka gina da hawa 500 yana da mahaɗi kusan 500. In ɗaya bai manne sosai ba, iska ta samu hanya. Duk inda bakin na'ura ya tsaya ya ɗaga ya koma wani wuri, nan ma yakan bar ɗan rami da ido ba ya gani. Yatsan da ke yoyo ba ya naɗewa, kamar yadda zugazugin da ɓera ya huda ba ya tada wuta.

Ana gane yoyo kamar yadda mai faci ke ganewa. A ba abin iska, a tsoma shi a ruwa, a duba inda kumfa ke tashi.

Akwai kuma wani cikas. In bangon ya yi kauri, iska ba ta fita, amma yatsan ya yi tauri. In ya yi siriri, yana lanƙwasa da kyau, amma yana yoyo ko ya fashe. Gwanintar aikin tana cikin samun tsaka-tsaki.

A 2023, masu bincike na Jami'ar California da ke San Diego, tare da kamfanin BASF, sun nuna wata mafita. Sun tsara hanyar bakin na'urar ta yadda zai gama kowane hawa a zagaye ɗaya ba tare da ya yanke layi ba, kamar mai rubutu da bai ɗaga alƙalami ba. Da haka suka samu bango siriri da ba ya yoyo.

Abin da aka riga aka yi

A 2011, masu bincike a ƙarƙashin George Whitesides na Jami'ar Harvard sun nuna hannun silikon mai yatsu kamar tauraro, wanda ya ɗaga ɗanyen ƙwai bai fasa ba. Daga baya irin wannan hannu ya shiga masana'antun shirya abinci, inda yake ɗaukar burodi da ƴaƴan itace.

A 2016, a Harvard ɗin dai, an yi Octobot, mai siffar wata dabbar teku mai hannuwa takwas marar ƙashi. Ba shi da batir, ba shi da wayar lantarki. Wani ruwan sinadari ne a cikinsa yake zama iska in ya haɗu da ƙarfen filatinam, iskar ta motsa hannuwan.

A 2023, masu binciken San Diego da muka ambata sun fitar da hannu daga na'urar ɗab'i a ɗauka ɗaya, da bawul ɗinsa a ciki. Da ya taɓa abu sai ya kama. In an karkata shi a kwance sai ya saki. Ba ya bukatar lantarki, iska kawai.

A 2025, sun yi mai ƙafa shida da irin zare guda. Sun ce kuɗin kayansa wajen dala 20 ne. Ya yi tafiya a kan yashi, a kan ciyawa, har da cikin ruwa. Bawul ɗin cikinsa ne ke raba iska, sahun ƙafafu ɗaya ya motsa, ɗaya ya biyo baya, kamar yadda mai zuga ke musanya hannuwansa.

An kuma yi safar hannu mai irin waɗannan yatsu domin masu shanyewar ɓarin jiki. Mutum ya sa ta, iska ta naɗe masa yatsu ta miƙe su, hannun ya samu motsa jiki.

Ina aka kwana a Afirka ta Yamma?

Ɗab'in 3D ya riga ya iso yankinmu, ko da yake ta ƙofar sassa masu tauri ya fara shigowa. A 2013, a birnin Lome na ƙasar Togo, Afate Gnikou ya haɗa na'urar ɗab'i ta 3D a wata cibiyar ƙere-ƙere mai suna WoeLab. Yawancin kayan da ya yi amfani da su daga matattun kwamfutoci da injunan ɗab'in takarda ya ciro su.

A 2017, ƙungiyar Handicap International ta fara wani gwaji a Togo da Mali da Nijar, na yin madogarin ƙafa ga masu naƙasa. A da, sai an naɗe ƙafar da filasta kafin a samu siffarta. A wannan gwaji, ƙaramar na'ura ce ke ɗaukar siffar ƙafar, a aika da awon ta intanet, a buga madogarin a Lome, a kawo wa mai shi.

Abin lura a nan shi ne awo ne yake tafiya, ba mutum ba. Wanda ya san wahalar kai gurgu daga ƙauye zuwa Damagaram ko Yamai, da kuɗin mota, da barin gona, ya san darajar wannan. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da asalin ƙwayar shan inna daga Afirka. Amma waɗanda cutar ta riga ta shanye wa gaɓoɓi suna nan tare da mu, ga kuma masu shanyewar ɓarin jiki da waɗanda haɗarin babur ya naƙasa. Kowannensu awon jikinsa daban ne, kuma ɗori ya fi dacewa da abin da ake yi guda ɗaya domin mutum ɗaya.

Abin da ba ta iyawa

Kada a ɗauka wannan fasaha za ta maye gurbin maƙeri ko manomi.

1. Ba ta da ƙarfi. Yatsan roba yana ɗaukar tumatir, amma ba ya huɗa, ba ya saran rake.
2. Tana jin tsoron ƙaya. Huji ɗaya ya isa ya tsayar da ita.
3. Zafin rana yana gajiyar da roba, ƙura kuma tana toshe ƙananan hanyoyin iska.
4. Tana bukatar famfo ko tulun iska, kuma wannan yakan fi hannun kansa nauyi da tsada.
5. Na'urar ɗab'i tana son lantarki na awoyi ba yankewa. In wuta ta ɗauke a tsakiya, sau da yawa aikin ya lalace. Inda babu tsayayyar wuta, sai da farantin hasken rana da batir.
6. Zaren daga ƙasashen waje ake kawo shi. TPU yana shan raɓa, don haka da damina sai an ajiye shi a rufe.

Ga mai lambu a fadama, hannunsa ya fi wannan na'ura sauri da arha. Inda ake sa ran amfaninta a wurinmu shi ne gyaran gaɓoɓi, da yin ƙananan kayan gyara da ba a samu a kasuwa.

Shawarwari

1. Duk abin da za a sa wa jiki, madogari ne ko safar hannu, sai ma'aikacin lafiya da ya koyi aikin ya auna ya gwada. Kada ku saya a kasuwa ku ɗaura da kanku.
2. Wanda ba ya jin taɓi a hannu ko ƙafa, kamar mai kuturta ko ciwon suga, ya riƙa duba fatarsa kullum. Matsi yana iya yi masa gyambo bai sani ba.
3. Kada ku zuba abinci ko ruwan sha a abin da aka buga da wannan na'ura, sai an tabbatar muku an yi shi domin haka. Datti yana maƙalewa a tsakanin hawa da hawa.
4. Bakin na'urar yana ƙuna. A nisanta yara, a kuma buɗe taga saboda hayaƙin roba.
5. Iskar injin ba taya tana da haɗari. Kada a nuna bakin tiyo ga ido, ko kunne, ko wani sashe na jiki, ko da wasa.
6. In an kawo muku wata na'ura irin wannan, ku yi tambaya uku kafin ku karɓa: wa zai gyara ta, ina za a samu kayanta, nawa ne kuɗinsu?

Abin da ya kamata a riƙe

Mutum-mutumi mai taushin jiki yana aiki da abu uku da ke cikin zugazugi: jiki mai laushi, hanyar iska, da bawul. Ana gina shi da ɗori, kamar faifai, bisa awon da aka ba kwamfuta. Ingancinsa yana ga mahaɗin hawa da hawa, domin in ya yi yoyo ba ya aiki. Na'urar ba ta san kome ba sai awon da aka ba ta. In awon ya yi daidai, abin ya yi daidai. In an yi kuskuren milimita biyu, madogarin da aka yi domin taimako sai ya zama mai cutarwa.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Waɗanne sana'o'i ne a garinku suke bin sassaƙa, waɗanne zubi, waɗanne ɗori?
2. In kaurin hawa ɗaya kashi ɗaya ne cikin biyar na milimita, hawa nawa ake bukata domin abu mai tsayin santimita 4?
3. Wane ƙaramin kayan gyara ne yake yawan tsayar muku da aiki saboda ba a samun sa kusa?